Kalmomin Ciniki, Kuɗi da Shari'a a Hausar Matamaye da Ma'anoninsu

Matamaye tana kudancin jihar Damagaram, cikin ƙasar Kance, kusa da iyakar Nijeriya ta wajen Daura. Saboda haka kalmomin cinikinta suna da tushe huɗu: Hausa ta asali, Larabci, Faransanci da Ingilishi. Matsalar ma'anar waɗannan kalmomi ta fito fili tun bayan 1962, shekarar da aka kafa UNCC, ƙungiyar bashi da gama-kai ta manoma, da SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa. Da manoma suka fara riƙon littattafan kasuwar gyaɗa da Hausa, sai ya zama kowace kalma da aka rubuta tana ɗauke da dukiyar wani. Abin da za a nuna a nan shi ne, kalmar da ta fi haɗari ba baƙuwa ba ce, a'a, wadda kowa yake zaton ya sani ce.

1. Ƙidayar kuɗi

Kuɗin CFA, wanda aka ƙirƙiro a 1945, da faran ake rubuta shi, amma Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga shi. Dala ɗaya faran 5 ce. Ke nan faran 100 dala ashirin ne, faran 500 dala ɗari, faran 1.000 kuwa jika guda. Idan ɗalibin yaƙi da jahilci ya ji "dala hamsin" ya rubuta 50, mai karatun boko zai karanta faran 50, alhali kuwa 250 ake nufi. Wajibi ne littafin lissafi ya bayyana ko dala ake ƙirgawa ko faran. A hayin iyaka, kafin zuwan naira a 1973, dala sule biyu ce, jaka kuwa fam ɗari.

2. Aro, rance, bashi, lamuni

Inda Faransanci yake amfani da prêt da crédit, Hausa ta rarrabe. Aro shi ne a karɓi abu a mayar da shi kansa, kamar hauya ko jaki. Rance shi ne a karɓi abin da zai ƙare, kamar kuɗi ko hatsi, a mayar da kwatankwacinsa. Bashi ya haɗa duk abin da ake bin mutum. Lamuni kuwa yarda ce: a ba mutum kaya ya biya daga baya, ko wani ya tsaya masa. Irin gyaɗa da manomi ya karɓa da bazara don ya biya da kaka rance ne ko bashi, ba aro ba.

3. Riba da ruwa

Kalmomi biyu ne daga Larabci suka haɗu a rubutu ɗaya. Akwai riba mai dogon wasalin i, watau abin da ya hau bisa uwar kuɗi ta hanyar saye da sayarwa, wadda halal ce. Akwai kuma riba mai gajeren wasali, watau ƙarin da ake ɗora wa bashi, wadda shari'ar Musulunci ta haramta. Da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, mai karatu ba shi da abin bambancewa. Ya fi dacewa a bar riba ga bénéfice, a yi amfani da kuɗin ruwa ga intérêt.

4. Jingina

Wannan ita ce ta fi jawo rigimar gona. A al'ada, mai gona yakan karɓi kuɗi, ya miƙa gonarsa ga mai kuɗin ya yi ta nomawa har ranar da aka fanshe ta. Gonar ba ta zama tasa, ko da shekaru sun yi yawa. Wannan ya sha bamban da hypothèque na banki, inda dukiya take zama hannun mai ita, amma ana iya sayar da ita in ya kasa biya. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa masu ba da takardar shaida ta sayarwa, kyauta, aro, haya da jingina. Fassarar da ta cakuɗa waɗannan biyar tana iya raba magada da gonar ubansu.

5. Haraji da fito

Haraji daga Larabci yake, lanho daga l'impôt, jangali kuwa harajin dabbobi ne. Ma'aikatar fito duwan ce a wannan gefe, kwastan a wancan. La'ada ladan dillali ce, ba haraji ba.

Kammalawa

Abin da ya kamaci masu tsara littattafai shi ne su fara tattara ma'ana daga bakin dillalai, ma'auna da masu shari'a kafin su ƙago sabuwar kalma. Kowace kalma a ƙamus ta zo da jimlar misali da alamar tsawon wasali, a kuma gwada ta ga manoma kafin a buga.