Rigakafin gobara a gida

Rigakafin gobara a gida shi ne matakan da iyali ke ɗauka domin hana wuta tashi a muhallinsu, da shirin da suke yi na tsira idan ta tashi. Wuta ba ta ci sai abubuwa uku sun haɗu: zafi, abin ƙonewa, da iskar oksijin. Idan aka raba ta da ɗaya daga ciki, sai ta mutu. Yawancin waɗanda ke rasuwa a gobarar gida hayaƙi ne ke halaka su kafin wutar ta iske su, musamman da dare ana barci.

Abubuwan da ke haddasa ta

Gobarar gida kan faro ne daga kayan amfanin yau da kullum. Daga ciki akwai girkin da aka bari babu mai kula, yoyon tukunyar gas, tsofaffin wayoyin lantarki, cunkusa kaya da yawa a soket ɗaya, kyandir, maganin sauro na kunnawa, da ajiye fetur a jarka cikin ɗaki. Inda ake yawan ɗauke wutar lantarki, akan manta da dutsen guga ko hita a kunne, su kama bayan an dawo da wuta. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar haɗarin yana ƙaruwa da hunturu, saboda zana da jinka sun bushe, iska na kaɗawa, mutane kuma na shiga ɗaki da kaskon garwashi domin jin ɗumi.

Matakan kariya

Ana ajiye tukunyar gas a tsaye, inda iska ke ratsawa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, don haka a ƙasa yake taruwa. Idan an ji warinsa, a rufe tukunyar, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki. Ba a zuba wa janareta mai yana aiki, ba a kuma kunna shi cikin ɗaki. Janareta da gawayi suna fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Ƙararrawar hayaƙi ana gwada ta kowane wata, a sauya ta bayan shekara 10. Yana da kyau gida ya tanadi abin kashe gobara ko bokitin yashi, a kuma nisanta ashana daga yara.

Shirin fita

Ya kamata kowa a gida ya san hanyoyin fita biyu da wurin haɗuwa a waje. Ƙarfen taga da ake sawa don ɓarayi kan tare mutane a ciki, shi ya sa ake so a bar ɗaya mai buɗuwa, makullinsa a kusa.

Idan wuta ta tashi

Ba a watsa ruwa a man girki da ya kama, sai dai a rufe tukunyar da murfi a kashe murhu. Idan ta lantarki ce, a fara kashe ta daga mita. Cikin hayaƙi ana fita da rarrafe, wanda ya fita kuma ba ya komawa ɗauko kaya. Ana kiran 'yan kwana-kwana nan take: lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112, a Nijar kuma 18. Wanda ya ƙone ana zuba masa ruwa mai sanyi na minti 20, sannan a kai shi asibiti.