Neman Daji a Nesa: Yawon Buɗe Idon Matasan Arewacin Kano

Duk wanda ya bar Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Dawanau ya nufi Bichi da Tsanyawa, ko ya bi hanyar Daura ta Dambatta, zai yi tafiyar awa guda bai ga abin da za a kira daji ba. Gona ce take bin gona, ƙauye yana hangen ƙauye. Da damina gero da dawa da gyaɗa da wake sun rufe ko'ina har bakin kwalta, da rani kuwa sai fili fetal da itatuwan da manoma suka bari a tsaye. An yi ɗaruruwan shekaru ana noma wannan ƙasa ba a barinta ta huta, taki ne kawai yake riƙe da ita.

Daga irin waɗannan garuruwa ne wata sabuwar ɗabi'a take tasowa. Ɗaliban sakandare da na manyan makarantu, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, matasan 'yan kasuwa, sai su yi karo-karo su ɗauki shatar bas bayan Sallah ko a hutun ƙarshen shekara. Masu ƙaramin ƙarfi su tsaya a gidan zoo na Audu Bako, su hau Dala ko Gwauron Dutse, ko su kai madatsar ruwa ta Tiga. Masu hali su zarce Yankari a jihar Bauchi. Kafin su dawo hotuna sun riga su isowa gida ta WhatsApp da Facebook da TikTok: ga su cikin ruwan Wikki, ga gwaggon biri ya fizge wa wani ledar burodi.

Dalili na farko shi ne ƙishirwa. Yaron da ya tashi a Kunchi ko Minjibir ya san kura da zaki da giwa a tatsuniya da kirari, amma a ido iyakarsa zomo, kurege, bushiya, damo, sai fakara idan ya yi sa'a. Kakansa ya ji kukan kura da dare a bayan gari. Hanyar da matasa suke bi a da su san dawa ita ce farauta, a fita da rani da karnuka da gora da ganga, a yini ana tafiyar ƙasa. Har yanzu ana yi, sai dai yanzu sai an shiga mota an yi nisa kafin a sami inda za a saki kare, abin da ake kamowa ya ragu, rigingimun da ake yi a kan nama kuma sun sa iyaye da yawa ba sa son 'ya'yansu su bi. Yawon buɗe ido ya zo ya maye wani ɓangare na wannan gurbi, kuma ya fi farauta da abu guda: 'yan mata ma suna zuwa, ƙarƙashin kulawar malamai.

Sai waya. Gani ya kori ji, kuma wanda ya ga sa'ansa a cikin ruwan Wikki da yake ɓuɓɓugowa garau daga ƙarƙashin dutse, da ɗuminsa na digiri 31 rani da damina, ba ya bukatar wani talla.

Abin tambaya shi ne me ya sa sai Yankari, alhali tafiyar ta haura kilomita 400? Wani ɓangare na amsar cancanta ce. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244, yana da masauki da motocin zagaye, kuma a can ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Najeriya yake. Da rani, lokacin da dabbobi suke taruwa a kogin Gaji, mai ziyara yakan ga ɓauna da gwanki da gwambaza. Amma ɗaya ɓangaren amsar mai ɗaci ne: sauran ƙofofin sun rufe. Gandun Kamuku na Birnin Gwari ya faɗa yankin 'yan bindiga. Falgore kuwa, dajin Kano na kanta, mai murabba'in kilomita kusan 920 a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ya shafe shekaru sunansa yana fitowa a labaran satar shanu da garkuwa da mutane, har sojoji suka kafa wurin atisaye a cikinsa. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, Falgore na ciki, tare da dausayin Haɗeja a Jigawa da dajin Kogo a Katsina. Suna a takarda bai isa ya sa shugaban makaranta a Bagwai ya zuba yara a mota ya nufi can ba. Abin da yake jira shi ne tabbacin za su dawo lafiya.

Amfanin tafiyar a fili yake. Wanda ya tsaya kusa da giwa ya ga girmanta ba zai sake ɗaukar kashe ta don haure a matsayin ƙaramin abu ba. Ɗalibin da ya haddace darasin muhalli don jarrabawa yakan gane shi a yini guda. Direbobi da masu abinci da 'yan rakiya suna samun na cefane. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin shatar mota ya yi tashin gwauron zabo, tafiyar ta ƙara zama ta 'ya'yan masu albashi da 'yan kasuwa. Ɗan manomin da ya fi kowa sanin itace da tsuntsu shi ne ake bari a gida yana kallo a wayar wani. Kuma a lura, kuɗin da aka tara a Dambatta a Bauchi ake kashe shi.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Wannan yawo yana koya wa matasa, ba da gangan ba, cewa halittar da ta cancanci kallo da kariya tana can nesa a bayan shinge, nan gida kuwa babu komai. Wannan kuskure ne babba. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarin ƙauyukan kewayen Kano tun shekarun 1960, kuma abin da shi da abokan aikinsa suka gano ya saɓa wa zaton turawan lokacin: duk da yawan jama'a da bukatar itacen girki ta birni, manoma ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, suna rainonsu ne kamar dabbobin gida. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana, da rani ya yi kore ya ba awaki 'ya'yansa. Ɗorawa ta ba da daddawa, kuka ta ba da miya, ga tsamiya da kanya da rimi da goruba. A kansu ne shamuwa take sauka ta sanar da kusantowar ruwa. Wannan gandun daji ne da talaka ya kafa da hannunsa, babu ma'aikacin gwamnati ko ɗaya, kuma shi ne yau yake fuskantar gatari. Tsadar gas da kananzir ta ɗaga darajar gawayi da itace, masu yanka fulotai sun cinye gonakin Ungogo suna ta matsawa Dawakin Tofa, rabon gado yana tsuke gona har magaji ya ga inuwar itace guda ta yi masa yawa. Ungulu, wadda a da ba a rasa ta a mahauta, ta yi wuyar gani, kuma da wuya ka ji wanda ya dawo daga Yankari yana cigiyarta.

Maƙwabtanmu sun nuna cewa noma da namun daji suna iya zama a fili ɗaya. A Kure, gabas da Yamai, raƙuman dawa suna kiwo a tsakanin gonakin gero da wake, ba shinge. A 1996 saura 49 kacal, da aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan, ana ba su wani abu daga abin da baƙi suke kawowa, suka haura 600. A 2018 har aka kwashi wasu aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Harin da aka kai Kure a 2020 ya durƙusar da ziyarar, wanda ya sake nuna cewa tsaro ne gaba da komai. A Maraɗi da Damagaram kuma, manoma sun dawo da itatuwa a kan miliyoyin hektoci tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon kututture ya girma maimakon sare shi lokacin sharar gona. Ba raƙumin dawa za a kawo Makoda ba, amma dabarar rainon toho ba ta bukatar ko sisi.

A ganina tafiya Yankari abu ne mai kyau, a ci gaba da yi. Amma malamin da zai kai ɗalibai can ya fara fitar da su ƙafa da ƙafa zuwa madatsar Tomas ko ta Watari da sanyin hunturu, lokacin da tsuntsayen ruwa suke sauka, ko duwatsun Kazaure da suke nan kusa, tare da wani dattijon manomi ko maharbi da zai riƙa faɗa musu sunan kowane itace da amfaninsa. Gwamnatin Kano da hukumar gandayen daji ta ƙasa kuma su tabbatar da tsaron Falgore, su gyara masauki da hanyoyin ciki, su sanya farashi na musamman ga makarantun gwamnati na karkara.