Keken da Aka Sace: Labarin da Ya Dace da Aljihun Sabon Ɗan Fim a Damagaram

Matashin da ya taso daga Garagumsa, a yankin Takeita, ya shigo Damagaram da waya mai kyamara da burin shirya fim ɗinsa na farko, lissafi ne zai fara tare masa hanya. Fim irin na Kano yana son gidan alhaji mai falo, da motar aro, da jaruma mai suna, da waƙoƙin da sai an biya situdiyo. Shi kuwa ba shi da ko ɗaya. A ganina, wannan rashin ne ya kamata ya zaɓar masa labari: mutum ɗaya, keke ɗaya da aka sace, da yinin da zai ƙare yana nemansa a cikin gari.

Hujjar farko tana Italiya. A 1948, ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin duniya na biyu ba, Vittorio De Sica ya fitar da Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke. Wani magidanci a birnin Rum ya samu aikin manna takardun talla, da sharaɗin sai yana da keke. Nasa kuma yana jingina, sai matarsa ta kai zannuwan gadonsu ta fanso shi. Ranar da ya fara aikin aka sace keken. Sauran fim ɗin yawo ne, shi da ƙaramin ɗansa, daga kasuwa zuwa coci zuwa lungu. Wanda ya hau matsayin uban, Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne da bai taɓa fitowa a fim ba. Abin lura shi ne yadda satar ta raba wa mai fim aiki: ta ba jarumi dalilin shiga kowace unguwa, ta sa masa wa'adi domin aikin ba zai jira shi ba, ta kuma mai da birnin kansa dandali kyauta.

Fim ɗin ya haifi ƴaƴa a ƙasashen da ba su da kuɗi. Satyajit Ray ya kalle shi a Landan a 1950, ya koma Indiya ya yi fim ɗinsa na farko, Pather Panchali, wanda ya fito a 1955 bayan kuɗi sun sha yanke masa har aka jinginar da kayan adon matarsa. Masu cewa silimar Indiya rawa ce da waƙa kawai ba su san wannan reshen ba. A Dakar, Ousmane Sembène ya yi Borom Sarret a 1963, gajeren fim kan mai amalanken doki da ɗan sanda ya ƙwace wa abin neman abincinsa don ya shiga unguwar masu hali. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a wannan gona: Oumarou Ganda ya gina Cabascabo, na 1969, kan tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse, kuma shi ne ya fara ɗaukar babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame.

Za a ce zamanin keke ya wuce. Titunan Damagaram na ƴan kabu-kabu ne, kuma ɓarawon da ya san ciwon kansa babur yake nema. Gaskiya ne, amma nan ƙarfin labarin yake. Wanda aka sace wa babur yana da takardu, yana da lamba, yana da abokan sana'a da za su bazu cikin gari, in ya je komsariya za a saurare shi. Mai keke fa? Shi ne ɗan cin ranin da ya bar gona bayan kaka, ya ɗaura jarkokin ruwa ko kwandon burodi a bayan keken da wataƙila ma na ubangidansa ne. A garin da ƙarancin ruwa ya daɗe yana zama abin kuka, keke mai jarka huɗu jari ne cikakke. In ya ɓata, kowa zai ce masa "Allah Ya mayar da alheri" ya ci gaba da harkarsa. Tazarar da ke tsakanin ƙanƙantar abin a idon jama'a da girmansa a wurin mai shi, ita ce fim ɗin.

Za a kuma ce masu kallo soyayya suke so, kuma fim ɗin sata zai zubar da mutuncin garin sarakuna, garin da ya riƙe hedkwatar Nijar har 1926. Na farko yana da ƙamshin gaskiya in ana maganar kasuwa. Sai dai sabon shiga ba zai ja da Kano a fagen da ta yi fiye da shekara 30 tana nomawa, tun fim ɗin Turmin Danya na 1990. Gara ya kawo abin da ba a saba gani ba. Na biyun kuwa Aicha Macky, ƴar garin, ta riga ta amsa shi. Fim ɗinta Zinder, na 2021, ya shiga Kara-Kara, unguwar da aka fara ware wa kutare, ya zauna da samarin ƙungiyoyin daba da ake kira fale da masu fasa-ƙwaurin fetur, ya zaga bukukuwan fina-finai na duniya, garin kuma bai rage komai ba. In kuma an ce kwaikwayon Turawa ne, wannan ma bai tsaya ba, muddin mai fim ya bar Damagaram ta yi magana: rumfunan masu faci da kayan keke na hannu a kasuwar Dole, lungunan Birni, duwatsun da suka kewaye gari, malamin da za a je wa don ya duba, mai unguwar da za a kai wa kuka.

Kada dai araha ta ruɗi sabon ɗan fim. De Sica yana da ƙwararrun ma'aikata, kuma abin da ya yi kama da tsautsayi a fim ɗinsa shiri ne. Babban maƙiyin mai ɗaukar hoto a titi shi ne sauti: ƙarar babura, injin markaɗe, iskar hunturu a bakin makirfo. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, ba ya yafe maganar da bai ji ba. Sembène ya kauce wa wannan ta ɗora murya daga baya, tunanin mai amalanke yana gudana a kan hotuna, dabarar da har yau ba ta tsufa ba. Sannan a kasuwar Hausa ba a shirya wasan da za a yi ihun "ɓarawo!" ba tare da an gaisa da sarkin kasuwa da mai unguwa an sanar da kowa ba, in ba haka ba ɗan wasa zai sha dukan gaske.

Wannan ne ma zai sa ƙarshen fim ɗin ya yi masa wuya. A wurin De Sica, uban da ya gaji ya miƙa hannu ga keken wani, aka kama shi, aka mammare shi a gaban ɗansa, mai keken ya dubi yaron ya ce a sake shi. A Damagaram, ɗan Garagumsa da aka kama haka ba marin ne zai fi damunsa ba. A cikin taron akwai wanda zai hau mota zuwa Takeita da yamma, kuma labarin zai riga shi isa gida, wurin mahaifiyarsa da gidan da ake nema masa aure.