Rashin haihuwa: Abin da ya kamata ma'auratan ƙasar Haɗeja su sani kafin a zuba maniyyi a mahaifa

A ƙasar Haɗeja, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, da wuya amarya ta cika shekara a ɗakinta ba a fara satar kallon cikinta ba. Idan shekara biyu ta wuce shiru, maganar takan bar ɗakin ma'auratan ta koma bakin dangin miji. Daga nan sai jiƙe-jiƙe da hayaƙi, sai zancen ƙarin aure, wani lokaci ma har da takardar saki.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jigawa take, matsakaicin adadin haihuwar mace ɗaya ya kai 6.6, alhali na Najeriya baki ɗaya 5.3 ne. A wurin da kusan kowane mako ake buɗa ta suna a unguwa, matar da ba ta taɓa goyo ba ta fi kowa sanin zafin kalmar "juya".

Sai dai matsalar ta game duniya. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2023, ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida, wato kashi 17.5 cikin 100 na baligai, kan fuskanci rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A ma'aunin likitoci, ana cewa akwai matsala ne idan ma'aurata suka yi wata 12 suna saduwa a kai a kai, babu tsarin iyali, kuma ciki bai shiga ba.

Cikin hanyoyin da asibiti ke bi akwai zuba maniyyin miji kai tsaye a cikin mahaifar matarsa, wanda likitoci ke kira IUI a taƙaice. Tallansa ya fara yawa a Facebook da TikTok, kuma ya fi dashen ƙwai na IVF araha nesa ba kusa ba. Amma aiki ne mai sharuɗɗa, kuma wanda ya shige shi ba tare da an gwada shi da matarsa ba, yana iya sayar da gona ya dawo hannu rabbana.

Yadda ake yin aikin

Dabarar tsohuwa ce. Tun a ƙarshen ƙarni na 18 aka ruwaito wani likitan fiɗa a Landan, John Hunter, ya taimaka wa wasu ma'aurata sun samu ciki da maniyyin mijin ta wannan hanya. Abin da zamani ya ƙara shi ne tace maniyyin da kuma gane lokacin da ƙwan mace zai fito.

Likita yakan fara bin zagayowar al'adar matar. Sau da yawa ana ba ta ƙwayoyi irin su clomiphene ko letrozole, ko allurai, don ƙwai ya nuna da kyau, ana kuma duba girmansa da na'urar sikanin. Idan ya ƙosa, a kan yi mata allurar da za ta sa ya fito, sannan a sa ranar aikin, galibi cikin sa'o'i 24 zuwa 36 bayan allurar.

A ranar, mijin zai ba da maniyyinsa a cikin mazubi mai tsabta. A ɗakin gwaje-gwaje za a wanke shi, a ware ƙwayoyin da ke da kuzari daga ruwan da ke ɗauke da su da kuma matattu. Daga nan likita zai zura wani siririn bututu mai laushi ta bakin mahaifa ya zuba su a ciki. Aikin 'yan mintoci ne, ba a fiɗa, ba a sa barci, kuma matar takan koma gida a ranar. Bayan kamar mako biyu sai a yi gwajin ciki.

Bambancinsa da IVF a fili yake. A IVF ana ciro ƙwan matar ne a haɗa shi da maniyyi a ɗakin gwaji, sai ɗan tayi ya fara samuwa a mayar da shi mahaifa. Ta haka aka haifi Louise Brown a Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, kuma a Najeriya Dakta Ibrahim Wada na asibitin Nisa da ke Abuja ya yi suna da haihuwar da aka samu a hannunsa a 1998. Shi kuwa IUI rage wa maniyyi nisan tafiya kawai yake yi. Haɗuwarsa da ƙwai a cikin jikin matar take faruwa, a cikin bututun da ke tsakanin gidan ƙwai da mahaifa.

Wanda ya dace da shi

Wannan bututu shi ne tushen zancen. Kowace mace tana da guda biyu, dama da hagu, kuma dole aƙalla ɗaya ya kasance a buɗe, lafiyayye, kafin IUI ya yi amfani. Idan duka biyun sun toshe, ko sau goma aka zuba maniyyi ba zai tarar da ƙwai ba.

Aikin ya fi dacewa da ma'auratan da aka yi musu duk gwaje-gwaje ba a gano dalili ba, da mijin da maniyyinsa ya ɗan gaza a yawa ko kuzari, da wanda ke da matsalar saduwa ko fitar maniyyi, da matar da ƙwanta ba ya fita a kan kari amma magani ya daidaita shi. Bai dace da mijin da babu ƙwayoyin haihuwa a maniyyinsa sam ba, ko wanda suka yi ƙaranci ƙwarai. Haka kuma amfaninsa yana raguwa sosai idan mace ta doshi shekara 40.

Abin lura shi ne, a nahiyarmu toshewar bututun ce kan gaba. Wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙasashe da dama, aka wallafa a mujallar Lancet a 1985, ya gano cewa kusan rabin matan Afirka da suka je asibiti neman haihuwa bututunsu duka biyu a toshe suke, kuma a mafi yawansu cuta ce da ta taɓa shiga ta bar tabo. Cikin dalilan akwai ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa ba a magance shi da kyau ba, da ƙwayoyin cutar da ke shiga bayan haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsabta. Shi ya sa ake yawan ganin mace ta haifi ɗan fari lafiya, daga shi kuma shiru.

Tsargiya da ruwan fadama

Mazauna bakin kogin Haɗeja suna da wani ƙarin dalili da bai kamata likita ya tsallake ba, wato tsargiya. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, har dausayin da ya miƙa Nguru, rayuwa a cikin ruwa ake yin ta: dashen shinkafa, su, wanki, wankan yara da ɗiban ruwa. Bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, yanayin gudun kogin ya sauya, ciyawar kachala ta mamaye hanyoyin ruwa da yawa. Ruwa mai kwanciya da ciyayi kuwa shi ne gidan ƙananan katantanwar da tsutsar tsargiya ke girma a jikinsu kafin ta huda fatar mutum.

Yawancin mutane fitsarin jini a wurin yara maza suka sani, har wasu na ɗaukarsa alamar girma. Amma tsutsar takan zuba ƙwayayenta a bakin mahaifa, da cikin mahaifa, da bututun ƙwai. Alamunta a jikin mace su ne ƙaiƙayi, fitar ruwa, ciwon mara, zafi ko ganin jini bayan saduwa, abin da ya sa ake yawan rikita ta da ciwon sanyi a yi ta shan maganin da ba nata ba. Idan ta daɗe tana iya toshe bututu, ko ta jawo ciki a wajen mahaifa. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke fama da wannan nau'i a Afirka kudu da Sahara. A jikin namiji ma takan taɓa hanyoyin maniyyi, har a ga jini a cikinsa.

Maganinta, praziquantel, shi ne wanda ake rabawa kyauta a makarantu. Yana kashe tsutsar, amma ba ya goge tabon da ya riga ya zauna. Saboda haka uban da ya hana 'yarsa shan ƙwayar a firamare don jita-jitar cewa tana hana haihuwa, ya bar ta ne da cutar da ke iya hana ta haihuwar nan gaba. Matar da ta tashi a bakin ruwa kuma ya kamata ta gaya wa likita haka tun a zaman farko.

Gwajin maigida

A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Duk da haka, a layin asibiti mata ake gani su kaɗai. Maza da yawa suna ɗauka cewa ƙarfin kwanciya shi ne shaidar haihuwa, alhali mutum yana iya zama lafiyayye a shimfiɗa amma babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa. Hangum da ya sauka maraina bayan balaga, da kumburin jijiyoyin maraina, da ciwon sanyi, da shan taba, duk suna iya jawo haka.

Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi da araha a cikin duk gwaje-gwajen. Ana buƙatar mutum ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, sannan ya ba da samfur. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana sa ran ganin aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 30 cikin 100 daga ciki suna tafiya gaba. Idan sakamakon bai yi kyau ba akan maimaita bayan kamar wata uku, domin jiki yana ɗaukar fiye da wata biyu kafin ya ƙera sababbi. Mutumin da ya auri mace ta biyu da ta uku duk shiru, kuɗin lefe ɗaya ya isa ya biya wannan gwaji sau da yawa.

Me malamai suka ce?

Manyan majalisun fiƙihu sun daɗe da tattauna batun. A 1980, Sheikh Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, muftin Masar a lokacin, ya ba da fatawar halascin aikin tsakanin miji da matarsa. A watan Oktoban 1986, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta zauna a Amman, babban birnin Jodan, ta duba hanyoyi bakwai. Ta haramta biyar, ta halatta biyu idan akwai buƙata: zuba maniyyin miji a mahaifar matarsa, da haɗa ƙwan matar da maniyyin mijinta a waje sannan a mayar cikin mahaifarta.

Abin da aka haramta shi ne duk inda mutum na uku ya shigo, ko da maniyyinsa, ko da ƙwanta, ko da aron mahaifa, saboda kare nasaba. Har batun kishiya an duba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yarda a 1984 cewa kishiya ta ɗauki cikin abokiyar zamanta, amma ta janye a 1985, don tana iya samun nata cikin daga mijin a daidai lokacin, a rasa gane uwar abin da aka haifa. Malamai sun kuma sharɗanta cewa auren yana nan daram lokacin aikin, kuma a yi taka-tsantsan kada samfurin wani ya cakuɗe da na wani. Don haka haƙƙin miji ne ya tambayi yadda ake rubuta suna a mazubi da wanda ke riƙe da shi har zuwa lokacin zubawa.

Nasara, haɗari da 'yan damfara

Ko an cika duk sharuɗɗa, damar samun ciki a zagaye ɗaya galibi ba ta wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kuma tana sauka da ƙaruwar shekarun mace. Likitoci kan gwada sau uku zuwa shida, idan bai yi ba su ba da shawarar IVF. Saboda haka lissafin kuɗi ya zama na zagaye da yawa, haɗe da magani, sikanin, kuɗin mota da masauki, tunda aikin yana buƙatar zuwa asibiti sau da dama cikin 'yan kwanaki.

Magungunan nunar da ƙwai ma suna da nasu haɗarin. Suna iya jawo tagwaye ko 'yan uku, cikin da ya fi zuwa da hawan jini da haihuwar bakwaini, ko su kumbura gidan ƙwai har a kwantar da mace. Sayen clomiphene a kemis a sha ba tare da sikanin ba ganganci ne.

Akwai kuma masu cin kasuwa da hawayen mata. A watan Nuwamban 2024, sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC Africa Eye ya bankaɗo wasu asibitocin bogi a jihar Anambra da ke yi wa mata alluran da ke kumbura ciki, su ce musu suna da cikin da na'ura ba ta gani, daga baya a miƙa musu jariran da aka yi safararsu. A ƙasar Hausa, inda aka saba da zancen kwantaccen ciki, irin wannan yaudara ba za ta sha wahalar samun masu yarda ba. Duk wanda ya hana ki yin sikanin a wani wuri, ko ya yi alƙawarin ciki ɗari bisa ɗari, ki kama gabanki.

Ga ma'auratan masarautar Haɗeja, ba sai an fara da Abuja ko Legas ba. Babban asibitin Haɗeja, da cibiyoyin lafiya na tarayya da ke Nguru da Birnin Kudu, da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, duk suna da sashen kula da lafiyar mata inda za a fara bincike ko a tura mutum gaba. Abubuwa uku ake son sani tun farko: lafiyar maniyyin miji, ko ƙwan matar yana fita, da kuma hoton mahaifa da zai nuna ko bututu a buɗe yake. Idan matar ta haura shekara 35, wata shida ya isa jira. Kuma a tafi tare, miji da mata, domin da sakamakon su biyun ne likita zai iya cewa IUI ne ya dace, ko IVF, ko kuma maganin da bai kai ko ɗaya daga cikinsu tsada ba.