Yaron da Ba Ya Magana, da Maganin da Ke Kwantar da Shi

 Ga wata magana wadda ta shafi 'ya'yanmu.

Akan sami yaro ya kai shekara uku ko huɗu bai buɗe baki ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya haɗa ido da mutane, abu ɗaya yake ta maimaitawa. Jama'a su ce iska ce, ko sammu. Likitoci kuwa suna kiran wannan larura otizim, waɗansu Hausawa na ce mata galahanga. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ne ya siffanta ta a 1943, bayan ya lura da yara 11. Da ita ake haihuwar yaro, ba hauka ba ce, ba kuwa laifin uwa ba.

Waɗansu daga cikin yaran nan fushinsu kan tsananta, har su riƙa cizon hannunsu, ko buga kai ga bango, ko dukan ƙannensu. A nan ne zancen magani ke shigowa. Magungunan asalinsu na masu taɓin hankali ne. Na farkonsu, watau Largactil, a birnin Faris aka soma jarraba shi ga masu wannan ciwo a 1952. Daga baya hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba yara masu otizim risperidone a 2006, sa'an nan aripiprazole a 2009, domin tsananin fushi kaɗai.

Amfaninsu gaskiya ne. A 2002 aka bayyana wani gwaji na mako 8 a kan yara 101. Cikin waɗanda suka sha risperidone, 69 bisa ɗari sun sami sauƙi, cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kuwa, 12 bisa ɗari. Amma masu shan maganin sun ƙara nauyin kilo 2.7 a ɗan lokacin nan, alhali sauran ba su kai kilo ɗaya ba. Bayan ƙiba akwai yawan barci, da dalalar miyau, da kumburin nono ko ga namiji, da haɗarin ciwon sukari, da wani motsin baki da harshe wanda kan ƙi barin mutum ko an daina shan maganin. Ku sani kuma maganin ba ya koya wa yaro magana, ba ya raba shi da larurar. Fushi yake ragewa, domin a sami hanyar koyar da shi.

Saboda haka likitan kirki ba ya gaggawar rubuta shi. Sai ya fara binciken haƙori, da kunne, da ciki, da farfaɗiya, gama wanda ba shi da bakin faɗin ciwonsa da jiki yake kuka. In ya zama dole, da kaɗan ake farawa. Ƙa'idar likitocin Ingila ta 2013 ta ce a sake duba yaro bayan mako uku ko huɗu, in an kai mako shida babu sauƙi a tsayar.

To, ya ku malamai, wurinku iyaye ke fara zuwa, maganarku kuma ita ake ji. Ku yi addu'a, sa'an nan ku ce a tafi asibiti. Bulala da mari ba sa ƙara wa irin wannan yaro komai sai firgita. Ya ku masu kantin magani da masu talla ran kasuwa, kada ku sayar wa uwa ƙwayar barci ba da takardar likita ba, don ta ce ɗanta ya hana gida sakat. Ribar ba ta kai alhakin ba.

Asibiti yana nan Kalgo da Birnin Kebbi, ga kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware ta ƙasar Sakkwato. Uba ya tafi da yaron da kansa, ya faɗi yaushe fushin ke tasowa da abin da ke tayar da shi, ya tambayi ranar komawa, kada kuma a tsayar da magani farat ɗaya sai da izinin likita.

Allah ya ba iyayensu haƙuri, ya raya mana zuriya, amin. Wassalamu.