Alƙalamin Da Ba Ya Rubutu

Duk wanda ya tsaya a Kwangila, nan Zariya, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta wadda ta nufi Samaru da Funtuwa, zai ga ɗalibai da ma'aikata suna ta wucewa, kusan kowa da biro a aljihu. In ya faɗi ba mai juyawa ya neme shi, sai a sayi wani wurin mai tebur. To, amma akwai waɗansu mutane a duniya da alƙalami guda ke hana su barci. Su ne masu tara alƙaluma masu shan tawada, musamman irin waɗanda kamfani ke ƙera 'yan ƙididdigaggu, sa'an nan ya ce ya rufe, ba ƙari har abada.

Shi alƙalami mai shan tawada daɗaɗɗen buri ne na marubuta. Alƙali Nu'umanu ya ba da labari a littafinsa Almajalisu wal Musayarat cewa Halifa Mu'izzu na Faɗimiyyawa, wanda ya hau mulki cikin 953, ya nemi a yi masa alƙalamin da zai riƙe tawadarsa a cikinsa, ba ya ɓata hannu, ba ya ɓata tufa, har kuwa wani maƙeri ya ƙera masa na zinariya. Amma bai zama kayan kasuwa sosai ba sai bayan da wani Ba'amurke, Lewis Waterman, ya yi rajistar dabararsa cikin 1884. Dabarar kuwa ita ce, a ƙarƙashin bakin alƙalamin akwai 'yan siraran hanyoyi. Tawada na gangarowa, iska na shiga ta maye gurbinta, saboda haka ba ta tsayawa, ba ta kuwa kwararowa gaba ɗaya. Bakin masu tsada da zinariya ake yinsa, don tawada ba ta cin ta, sa'an nan a liƙa ɗan ƙarfe mai tauri a tsininsa don kada ya side.

A zamanin En'e, irin wannan alƙalami alamar ilmin boko ne. Akawu da malamin makaranta da magatakarda sukan maƙala shi a aljihun gaba, inda kowa zai gani. Sai ga biro ya zo. Sunan ma na wanda ya ƙago shi ne, Laszlo Biro, mutumin Hangari, cikin 1938. Kamfanin Bic na Faransa ya fito da nasa mai araha cikin 1950, kafin a jima ya mamaye ofisoshi da makarantu.

Da masu ƙera na tawada suka ga ciniki na neman kuɓuce musu, sai suka sake shawara. Cikin 1965 kamfanin Parker na Amurka ya sami azurfar da aka tsamo daga jiragen ruwan Sifen waɗanda guguwa ta nutsar a gaɓar Fulorida cikin 1715, ya narka ta, ya ƙera alƙaluma 4,821, ya sayar da kowane dala 75, watau ninki uku na kuɗin ɗan'uwansa na kullum. Cikin 1977 ya sake yin 5,000 da tagullar jirgin ruwan nan Queen Elizabeth, wanda ya ƙone a Hon Kon cikin 1972. Kamfanin Montblanc na Hambug a Jamus ya bi sahu cikin 1992, ya fitar da 4,810 da sunan Lorenzo de Medici, mai mulkin Fulorans ta Italiya a dā. Lambar kuwa tsawon dutsen Mont Blanc ce a ma'aunin mita, wanda kamfanin ya ci sunansa. A Japan kuma masu sana'a ke shafa wa alƙalami ƙaron wata itaciya, su barbaɗa garin zinariya su fitar da tsuntsu ko fure, aikin da kan ci watanni.

Mai karatu zai ce, me ke sa mai hankali ya zuba dukiya a kan wannan? Amsa ita ce ƙaranci. Kowane alƙalami an zana masa lambarsa a jiki, misali na 215 cikin 4,810. In sun ƙare a kanti, wanda bai samu ba sai ya bi wanda ya samu, shi kuwa ya yanka kuɗin da ya ga dama. Masu tarawa suna duban akwatin da ya zo ciki, da takardar shaidarsa, da ko an taɓa gyara shi, don masu yin jabu ma ba su zauna ba. Babban abin mamaki, wanda bai taɓa shan tawada ba shi ya fi daraja wurinsu. Saboda haka sai mutum ya sayi alƙalami da kuɗin mota, ya kulle shi, ya mutu bai rubuta ko sunansa da shi ba. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi. Amma a faɗi gaskiya, da yawa cikinsu masu rubutu ne na sosai, kuma sha'awarsu ce ta raya sana'ar masu gyaran alƙalami da masu haɗa tawada, wadda da tuni biro ya binne ta.

To, a dawo gida. Ƙasar Hausa tana da nata alƙalami tun kafin Waterman ya zo duniya. Karan gamba ne, mai ƙwari, a fiƙe shi da wuƙa, a tsaga bakinsa kaɗan don ya riƙe tawada. Ta allo da gawayi da ƙaro ake yinta, don ta wanku. Ta takarda kuwa akan jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, ta yi baƙi, ta kama takarda, ba ta fita. Ga ja ta wasali, ga rawaya ta ado, kowace da kurtunta. Takardar ma mai tarihi ce: in aka ɗaga tsohuwa a hasken rana akan ga jinjirin wata uku a jikinta, alamar masana'antun arewacin Italiya, fatake ne ke kawo ta ta Hamada. Sai dai a kiyaye, kada wanda ya gaji alƙalami mai shan tawada ya ɗura masa ta kurtu, ƙaron zai toshe hanyoyinsa ya kashe shi.

Wannan alƙalami ba ya kai kwabo, in ya dakushe a sake fiƙewa, in ya gajarce a yar. Ba wanda ya taɓa kulle shi a akwati. Amma abin da ya bari a baya, shi ne ainihin abin da ba shi da na biyu. Kamfani ne ke ƙago ƙarancin nasa da gangan, da ya so da ya ƙera dubu ɗari. Alƙur'anin da alaramma ya zauna ya rubuta da ka, ko littafin fiƙihu da malami ya kwafa ya cika gefensa da sharhi cikin ajami, guda ɗaya ne tak a duniya, mai shi kuwa in ya tafi ba a sake samun hannunsa.

Zariya ta san darajar wannan hannu. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana edita, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945. Ko da injin ɗab'i ya zo bai kori alƙalamin kara ba, domin littattafan ajami da na Larabci masu yawa da aka buga a Zariya da Kano, rubutun hannu ne aka ɗauki hotonsa aka buga, don shi idon almajiri ya saba da shi. Haka Alƙur'anan Sharif Bala Gabari na Kano suka bazu a ƙasashen Afirka ta Yamma.

Ga inda damuwa take. Waɗannan takardu ba a ɗinke suke ba, warwara ne cikin tadarishi, kalmar da ke gindin kowace ita ke nuna wadda ke bin ta. In gara ta shiga gafaka, ko ɗaki ya yi yoyo, ko magada suka raba littafi guda gida uku, shi ke nan, an yi hasarar da kuɗi ba sa mayarwa. Waɗansu kuwa sun riga sun san abin da ke nan. Littattafan Alhaji Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu cikin 1962, fiye da 3,000, yau suna Jami'ar Northwestern a Amurka, ana tattalinsu.

Saboda haka wanda ke da gafakar kakansa ya sauko da ita ya duba. Ya kakkaɓe ƙura, ya raba ta da ƙasa da danshi, kada ya liƙa mata salatif, kada kuma ya sayar wa mai yawon saye, domin dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba. In yana neman shawara, daga Kwangila zuwa Samaru tafiya ce kaɗan, ga sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ya daɗe yana adana irinsu, ga kuma Gidan Arewa a Kaduna. Masu tara alƙaluma na Turai sun koyar da abu guda mai kyau, watau sanin wanda ya yi abu, da shekarar da ya yi shi, da adana shi da shaidarsa. In an yi wa alƙalamin da bai rubuta kome ba wannan gata, wanda ya ƙare ƙurmus wajen rubutu ya fi cancanta a kula da abin da ya bari. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya jiƙan magabata. Haza wassalam.