Me Ya Sa Yaro Ke Kaiwa Aji Huɗu Bai Iya Karatu Ba?

A garin Kachia, yaro kan tashi da harsuna uku. A gida ana yi masa Adara, Jaba ko Fulatanci, a unguwa da kasuwar citta Hausa yake ji, littafin makaranta kuma da Turanci aka rubuta shi. Masana koyarwa sun ce yaro ya fi saurin haɗa baƙi da wasali a harshen da ya riga ya iya. Idan aka fara masa da harshen da bai sani ba, sai ya koma hadda: yana maimaita abin da malam ya faɗa, amma bai gane rubutun ba.

Matsala ta biyu ita ce malamai. A 2017 gwamnatin jiha, ƙarƙashin Gwamna Nasir El-Rufa'i, ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi, aka sallame su. Shi ya sa horon da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan, ke ba sababbin malamai ya shafi kowane gida a yankin.

Iyaye ma suna da nasu aikin, ko da ba su yi boko ba. Tatsuniya da hira suna ƙara wa yaro kalmomi. A sa shi ya karanta allon shago ko takardar magani da ƙarfi, yayarsa ko yayansa na gyara masa. Makarantar Islamiyya da ta Lahadi su ma wurare ne da ake saba wa yara da littafi.